Daga Madawa Zuwa Agadas: Ɗalibanmu a Kan Sawun Malamai

 

Malamaina, iyayena maza da mata, shugabannin makarantu da suka taso tun da sassafe daga Buza da Keita, 'ya'yana ɗalibai, sannunku da hanya, barkanku da zuwa Madawa.

An nemi in yi magana a kan shawarar da malaman makarantunmu suka kawo, ta ɗaukar wasu daga cikin ɗalibai a lokacin hutu a kai su arewa, su ga kufayi da tsofaffin garuruwan da addini ya ratso kafin ya iso mana. Kafin in ce komai a kan mota da guzuri, ina so in ba ku labarin abin da ya sa na goyi bayan wannan shawara tun ranar da na ji ta.

Wata rana a cikin aji na tambayi ɗalibai manya inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Kusan duka suka ce Sakkwato. Na tambaye su sunan babban malaminsa, aji ya yi tsit. Yaran nan ba sakarkaru ba ne. Sun haddace yaƙin Badar da na Uhudu, sun san sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha, kuma haka ya kamata. Amma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa a Maratta aka haifi Shehu a shekarar 1754, nan kusa da Galmi, inda motocin albasa ke lodi kowace shekara. Daga inda muke zaune zuwa can ba a cika awa guda a mota. Ba wanda ya gaya musu cewa Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu da ƙanensa Abdullahi suka durƙusa a gabansa suna ɗaukar karatu, a ƙasar nan ya ƙare rayuwarsa, kuma kabarinsa na nan kusa da Madawa. Laifin namu ne, mu malamai da iyaye. Mun koya musu addini kamar wani abin da aka yi aka gama a wata ƙasa mai nisa, sannan aka aiko mana da shi a cikin kwali.

Saboda haka abin da nake roƙo na farko shi ne kada tafiyar nan ta fara daga Agadas. Ta fara daga ƙofar gidanmu.

Bari in ɗan daɗe a kan Malam Jibrilu, domin shi ne zaren da zai ɗinke tafiyar tun daga farko har ƙarshe. Mutumin nan ya yi aikin hajji sau biyu, a zamanin da hajji ke cin shekaru, a kan raƙumi da ƙafa. A Masar ya zauna a gaban Murtala Zabidi, wanda ya rubuta babban ƙamus ɗin Larabci mai suna Tajul Arusi, ya kuma yi wa Ihya'u na Imam Gazali sharhi. Ya karɓi ijaza daga hannunsa. Zabidi ya rasu a 1791, kuma har gobe malaman duniya na ambaton sunansa. Ku duba wannan silsila: malami a Alƙahira ya ba ɗalibi daga ƙasarmu ijaza, ɗalibin ya dawo da ita ta Sahara, ya miƙa wa wani saurayi haifaffen Maratta, saurayin ya zama Shehun da ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, daular da aka kafa bayan haka ta kai har Adamawa. Idan yaro ya tsaya a bakin kabarin Malam Jibrilu aka warware masa wannan, kalmar isnadi za ta daina zama wata baƙuwar kalma a littafi. Zai gane cewa isnadi mutane ne da suka sha rana da ƙishirwa.

An ruwaito cewa Shehu ya bi malaminsa har Agadas. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar wucewa Makka, Shehu ya juyo gida, saboda bai nemi izinin mahaifinsa a kan wannan doguwar tafiya ba. Iyayena, wannan ruwayar taku ce. Duk yaron da mahaifinsa ko mahaifiyarsa ba su yarda ba, ba zai shiga motar nan ba, kuma ba wanda zai ga laifinku.

Akwai wani abu game da waɗannan mutane biyu da nake so a karantar da ɗalibai a wurin, a tsaye, kafin su koma mota. Malam Jibrilu mutum ne mai zafi a kan saɓon Allah, har ya kai ga ganin cewa wasu manyan zunubai na fitar da mai yin su daga Musulunci. Shehu bai yarda da wannan ba. Ya rubuta a fili cewa malaminsa ya yi kuskure a wannan mas'ala, ya kawo hujjojin Ahlus Sunna, kuma bai daina girmama shi da yaba masa da jingina kansa gare shi ba har ƙarshen rayuwarsa. A garuruwanmu yau, saɓani a kan ƙabalu da sadalu na raba wa da ƙane masallaci. Yaran da ke tasowa cikin wannan hayaniya suna buƙatar su ji cewa a ƙasar nan an yi ɗalibin da ya saɓa wa malaminsa a kan magana mafi nauyi, maganar kafirci da imani, kuma zumunci bai yanke ba.

Na san akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da zancen kabari da kufai ba. Wani dattijo da nake girmamawa ya tare ni ya ce, Malam, ba an hana ɗaura sirdi zuwa wani wuri ba sai masallatai uku? Tambaya ce ta mai kishin addini, kuma ta cancanci amsa. Hadisin ya inganta. Malamai sun yi saɓani a kan iyakarsa, amma ba su yi saɓani a kan halaccin tafiya don neman ilimi ba. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham saboda hadisi ɗaya. Alƙur'ani a wurare da yawa ya umarci mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace su ya kasance. Ziyarar kabari kuwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ta da farko, daga baya ya yi izini saboda tana tunatar da lahira. A hanyarsa ta zuwa Tabuka, a shekara ta 9 bayan hijira, ya ratsa ta Hijir, garin Samudawa, ya koya wa sahabbai ladabin wucewa ta irin wannan wuri, cikin tsoron Allah da zubar hawaye. Garin na nan har yau a Saudiyya, gine-ginensa sassaƙaƙƙu a jikin dutse. To abin da za mu yi ke nan. Za mu yi wa mamata sallama, mu roƙa musu gafara, mu ɗauki darasi. Ba za a roƙi wanda ke kwance a kabari ba, ba za a ɗebo ƙasar wurin a ƙulle a leda don neman tabarraki ba. Malamin da zai raka yara ya faɗi wannan tun kafin a sauka daga mota.

Daga Madawa hanya za ta bi ta Buza zuwa Keita. Mutanen wannan yanki za su ce ai gida ne, me za a gani? Ku tsayar da mota a gindin ɗaya daga cikin duwatsun Adar, ku ce wa yara su duba ƙasa da kyau. A cikin farin dutsen nan, irin wanda ake haƙa a Malbaza don yin siminti, za su tsinci ƙwaryar halittun ruwa da ta zama dutse. Masana ƙasa sun tabbatar cewa teku ya taɓa rufe wannan yanki shekaru miliyoyi da suka wuce. Yaron da ya riƙe katantanwar teku a hannunsa a saman tudun da babu ko rijiya, ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan ikon Allah na juya al'amura.

Sannan ku nuna musu aikin hannun iyayensu. Layukan dogon yaro da ke kwarin Maggiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 don su tare iska. Ganuwowin duwatsu da ramukan tare ruwa da aka yi a Keita tun daga 1984, shekarar yunwar da mutanenmu ke kira El Buhari, lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, domin maza sun tafi ci-rani. An dasa miliyoyin itatuwa, faƙo ya koma gona. Akwai babi a fiƙihu a kan raya matacciyar ƙasa. A karanta shi a nan, a gaban tsohuwar da ta yi aikin, a bar ta ta ba da labari da bakinta.

Idan aka wuce Tawa aka miƙi hanyar Abalak, gero zai fara ja da baya, ƙasar makiyaya ta buɗe. A nan ne karatun Ahalari da Ishmawi da Risala zai tashi daga takarda. Yaranmu sun haddace sharuɗɗan taimama, amma da yawansu ba su taɓa yin ta don rashin ruwa na gaske ba. Sun san cewa a mazhabar Malik ana kasaru a tafiyar mil 48, wajen kilomita 80, kuma niyyar zaman kwana 4 tana yanke ta. A bar su su lissafa da kansu: zuwa Galmi daga Madawa akwai kasaru ko babu? Zuwa Tawa fa? Idan za mu kwana uku a Agadas, mene ne hukuncinmu? A kashe wayoyi, a ce su nemo alƙibla da rana da taurari. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ba zai manta ba har ya tsufa.

A Abalak ina so a nemi izini a kai su gidajen malaman Abzinawa. Yaranmu sun san Buzu da raƙumi da takobi da rawani, kaɗan ne suka san shi da alƙalami, alhali akwai zuriyoyin da aikinsu tun kaka da kakanni shi ne karatu da alƙalanci, kuma suna riƙe da littattafan da aka rubuta da hannu. Tarihin Adar ba ya rabuwa da na Abzin. Agabba, ɗan Sarkin Agadas, shi ya ci Adar a 1674, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Illela. Abzinawan Kel Geres na nan tare da mu a Azarori da Galma, Lisawan na Keita. Gobirawa kansu suna ba da labarin cewa daga Abzin kakanninsu suka gangaro. Marigayi Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi sukutum a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Malaman da za su yi rakiya su karanta shi kafin a tashi.

Wurin da na fi ɗokin yara su gani shi ne yankin Ingal da Tigidda. Ingal gari ne na dabino, inda makiyaya ke haɗuwa a ƙarshen damina don dabbobi su lashi gishiri, mutanensa kuma suna da harshensu, Tasawak, ɗan'uwan Zabarmanci. Arewa da shi akwai Tigiddan Tesumt, inda har yau ake jiƙa ƙasa a tace a shanya a fitar da gishiri. Kusa da nan ne kufan Azelik yake. Masu haƙar tarihi sun yi aiki a wurin a shekarun 1970, suka tarar da harsashin gidaje da masallatai da maƙabartu da burbushin narkar da jan ƙarfe. Mafi yawan masana na ganin nan ne Takadda, garin da matafiyi Ibn Battuta ya sauka a 1353. Ya ba da labarin yadda ake narka jan ƙarfe a zuba shi sanda-sanda a yi ciniki da shi kamar kuɗi, ya kuma ambaci Gobir da Barno cikin ƙasashen da ake kai shi. Wannan na cikin tsofaffin rubuce-rubucen da sunan Gobir ya fito a ciki.

A wannan Takadda ne Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya zauna ya karantar wajen ƙarshen ƙarni na 15, kafin ya wuce Kano ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa nasiha a kan mulki, ya je Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu a wurinsa a Takadda akwai Aida Ahmad, wanda daga baya ya zama alƙalin Katsina. Garin da ya tara irin waɗannan mutane yau babu ko rumfa ɗaya a tsaye. Duwatsu ne a warwatse, sai iska. Ina so ɗalibi ya tsaya a nan ya yi shiru na ɗan lokaci. Arzikin jan ƙarfe ya ƙare, ganuwa ta rushe, sunayen attajiran garin sun ɓace, amma abin da aka karantar a zaure ya isa Kano da Katsina, ya dawo mana ta hannun malaman da suka karantar da kakanninmu.

Agadas kuwa ba kufai ba ce, gari ne mai rai. An kafa sarautarta a farkon ƙarni na 15. Hasumiyar babban masallacinta ta laka ce zalla da itace, tsawonta mita 27, an gina ta wajen 1515, aka sake gina ta a 1844, kuma tun 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Imam Suyuɗi daga Masar ya taɓa aiko wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha. A garin nan ne kuma jagoran Abzinawa Kawsan da Sarkin Agadas Tagama suka tsare sojan Faransa daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, kuma da Faransawa suka karɓe garin suka kashe mutane da yawa, har da malamai. A gaya wa yara wannan ma. Wani ɓangare na dalilin da ya sa zaurukan karatu suka yi ƙaranci a arewa ke nan.

Akwai abin da ke ci mini rai game da Agadas. Mu Adarawa ba baƙin tafiya ba ne. Babu gidan da ba shi da wani a Abijan ko Legas ko Kamaru ko Libiya. Samarinmu nawa suka ratsa Agadas a bayan mota, fuska a naɗe, suna jiran direban da zai haye da su? Sun san tasha, sun san gidan da ake ɓoye su, sun san kuɗin jarkar ruwa. Wasu sun dawo, wasu Sahara ta riƙe su. Da wuya ka sami wanda ya shiga masallacin nan ya tambayi wa ya gina shi. Ina fatan ƙannensu su fara ganin garin da littafi a hannu, tare da malami, su san cewa hanyar nan ta taɓa zama hanyar masu neman ilimi da alhazai.

Yanzu maganar da iyaye mata suka fi jira, wato tsaro. Ba zan rufe ku ba. A yankin Azawak akwai kufan In Teduk, tsohon mazaunin malamai, wanda da lafiya lau ne da na sa shi a gaba. Amma yana ɓangaren da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, kuma ba mu manta da mutum 137 da aka kashe a ƙauyukan Tiliya a watan Maris 2021 ba. Allah ya jiƙansu. Ba za a kai ɗan kowa can ba. Sauran hanyar ma ba za a taka ta ba sai da takardar hukuma da shawarar jami'an tsaro, kuma idan suka ce a tsaya a Abalak, a Abalak za a tsaya. Idan suka ce bana ba ta yiwuwa, sai mu yi zagayen gida, Madawa da Maratta da Maggiya da Keita, wanda shi kaɗai ya isa karatun mako guda. Ba tafiyar dare. A tafi lokacin ɗari, cikin hutun ƙarshen Disamba, domin zafin bazara a arewa ba abin wasa da yara ba ne. A tafi da ma'aikacin lafiya, da ruwa fiye da abin da ake zaton za a sha, da direban da ya san hanya, domin kwaltar ta lalace a wurare da dama.

'Yan mata fa? Na ji ana cewa a bar su a gida. Ban goyi bayan haka ba. Nana Asma'u, 'yar wannan Shehu da muke bin sawunsa, ta naɗa jajis, mata masu jagorantar 'yan'uwansu daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu su koma su karantar. Tafiya suke yi, cikin mutunci da tsari. A ware wa 'yan mata motarsu da masaukinsu, malamai mata da wasu daga cikin iyaye su raka su, wanda ke son muharraminsa ya bi 'yarsa a ba shi wuri. Abin da ba zan so ba shi ne a ce 'yar da kakarta ta ɗauki duwatsun Keita a ka ba ta cancanci ganin Agadas ba.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, kowa zai riƙe kaye da bik. Kowace yamma bayan sallar isha'i za ku rubuta abin da kuka gani da abin da kuka ji daga bakin tsofaffi, da sunan wurin da ranar. Mai iya Larabci ya rubuta da Larabci, mai Faransanci da Faransanci, mai Hausa da boko ko ajami. Kada wanda ya ɗauko ko tsingaro daga kufai, domin inda abu yake kwance shi ke gaya wa masani shekarunsa. Kada wanda ya rubuta sunansa a bango ko a dutse. Littafin hannu idan aka nuna muku, ku duba da ido, kada ku taɓa sai mai shi ya ce ku taɓa. Idan kun dawo za ku tsaya a gaban waɗanda ba su je ba ku karanta musu, a kuma ajiye kwafi a kowace makaranta.

Saura kuɗi. Idan aka ce kowane uba ya biya wa ɗansa, 'ya'yan masu hali kaɗai za su je, kuma wannan zai ɓata niyyar tun daga tushe. Ina roƙon ƙungiyoyin iyayen yara su buɗe asusu ɗaya, a zaɓi ɗalibai da ƙoƙarinsu da ladabinsu. Manoman albasa, 'yan kasuwar Madawa da Tamaske, masu motoci, 'yan'uwanmu da ke ci-rani, hukumomin Madawa da Buza da Keita, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, buhun shinkafa ne ko man mota ko tabarmi. Malamai kuma ina roƙonku, kada ku jira asusun ya cika. A cikin watan nan kowane ɗayanku ya ɗauki ajinsa ya kai su kabarin Malam Jibrilu, ku yi masa addu'a, ku gaya musu ko shi wane ne.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya kai yaranmu ya dawo da su.